Birkin Hannu

Hayatu yana ɗaure noti na ƙarshe a tayar baya sai ga Andrawus ya shigo garejin, da 'yar jaka a kafaɗa. Shekara biyu ke nan rabon da su ga juna, tun ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi kowa ya yi ta kansa.

"Kai, ka rame," in ji Hayatu.

"Kai kuma ka yi tumbi. Wannan mota na ne?"

Tasa ce kuwa. Farar Marsandi ce da ya kawo gyaran giya kwana uku kafin gudu, ya bar ta nan unguwar Lamorde ya wuce Yola, daga can sai Jos. Hayatu shi Kamaru ya tsallaka a ƙafa ta kan dutse, bayan wata biyu ya dawo ya tarar an farfasa gilasan motar, amma injin lafiya lau. Tun daga lokacin duk Juma'a sai ya tayar da ita, ya bar ta ta yi zafi, ya kashe.

A da su goma sha ɗaya ne masu haukar mota, duk Lahadi da yamma suna haɗuwa a wani fili bayan unguwar Wuro Patuji. Kuma kashi biyu suke, 'yan miƙe da 'yan juyi. Andrawus ne uban 'yan miƙe: a jera mota biyu a gindin tsamiya, a taka wuta, wanda ya riga isa kwalbati ya ci. Hayatu kuwa sai ya shigo da tsohuwar Fijo ɗinsa a guje, ya finciko birkin hannu, bayan motar ya zame, ya yi ta zagaye wata gangar ƙarfe. Da ya tsaya zai tarar da Andrawus a jingine da tsamiyar yana girgiza kai.

"Ka cinye taya, ka ƙone mai, kana nan inda kake."

"Naka wasan ai kafin mutum ya gama atishawa ya ƙare."

Shekara shida suna wannan musu, ba wanda ya gaji. Yanzu cikin abokan nasu, Yaji ya rasu a hanyar gudu, Kalibu har yau ba labarinsa, sauran sun watsu a garuruwa. Hayatu kaɗai ya rage, kuma kaɗaicin ya ishe shi. Shi ya sa da Andrawus ya bugo waya cewa zai zo, ya ƙulla dabara: zai yarda a yi miƙe, a cinye shi, daɗin abin ya shiga jikin abokinsa, wataƙila ya kwaso iyali ya dawo gida.

"Yau naka za mu yi," ya ce. "Daga tsamiya zuwa kwalbati. Ji muryarta tukuna."

Ya murza makulli, ya taka totur. Salansar ta yi tau! tau! kamar yadda ta saba. Da ya ɗago kai bai ga Andrawus ba. Yana ƙasa bayan tarin tayoyi, ya rufe kansa da hannu biyu.

Hayatu ya kashe injin. Andrawus ya miƙe a hankali yana kaɗe gwiwar wandonsa, ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba.

"Tun ranan ban taɓa sitiyari ba, abokina. Keke nake hawa zuwa aiki." Ya gyara jakarsa. "Gidan baba muka sayar. Hannu kawai na zo sawa."

"Motar fa?"

"Riƙe shi. Kai ni tasha kawai, kar motan Yola ya cika."

A Fijo ya kai shi, a giya ta biyu, kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka tsaya a shingen sojoji, suka wuce. Sai da suka kusa tasha Andrawus ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Kullum ina maka dariya kana zagaye wuri ɗaya. Ashe kai ne ka iya dawowa. Ni miƙe kawai na iya."

Hayatu ya tsayar da motar a bakin tasha. Suka yi musabaha ta taga, Andrawus ya shige cikin fasinjoji.

Bai koma gareji ba, filin ya nufa. An noma rabinsa da gyaɗa, amma tsamiyar tana nan, gangar ma tana nan ta yi tsatsa. Ya ja baya, ya taka, ya finciko birkin hannu. Bayan motar ya zame sumul, ta zagaye gangar sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ko gefenta bai taɓa ba. A rayuwarsa bai taɓa yin juyi mai kyan wannan ba.

Motar ta tsaya tana fuskantar tsamiya. Ya sauke gilashi, ya jira. Wata akuya ce kawai a gindin bishiyar tana tuƙa.

"Ka cinye taya," ya ce a hankali, da irin muryar Andrawus, "ka ƙone mai, kana nan inda kake."