Nauyin Mutum Biyu

"Sake aunawa," in ji Guguwa. "Idonka ne ya tsufa."

Tela ya sake durƙusawa a bayan babur ɗin, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ja tef ɗin awonsa daga tsakiyar tayar baya zuwa ɗigon allin da ya yi a ƙarƙashin sirdi. Da babur ɗin ba kowa, da yanzu da Guguwa ke zaune a kai, bambancin bai kai rabin yatsa ba.

"Bai sauka ba, maƙwabci."

"Yatsu biyu ya kamata ya sauka in na hau. In bai sauka ba, ramin farko zai cilla ni sama."

Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu, Tela da keken ɗinkinsa, Guguwa da babur ɗin tserensa, kuma da wuya rana ta faɗi ba su yi cacar baki a kan ƙara ba. A filin tsere aka laƙaba masa Guguwa, lokacin yana ji da ƙarfi. Yanzu ciwo ya cinye shi, likita ya sallamo shi gida, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Da wani ne, da sai ya kwanta ya jira. Shi kuwa gogan naka tabarma ya sa aka shimfiɗa masa kusa da babur, ya kwance shokazobar baya, ya wanke ta, ya canja mata roba da mai, ya mayar. Ya rantse sai ya tuƙa babur ɗin nan da hannunsa zuwa ƙarshen layi ya dawo, kafin a fitar da shi daga gidan a kwance.

"Sassauta sifirin shokazobar."

"Ya kai ƙarshe. Babu sauran wurin juyawa."

Tausayi ya kama Tela har ya kau da kai. Shi ya rage wa mutumin nan rigar fatarsa ta tsere, ya san abin da ya saura a cikinta.

"A ɗaura buhun yashi a baya mana," in ji Tela.

"Ka ga na yi kama da tifa?"

"To ni in tuƙa, kai ka zauna a bayana."

"Tun da uwata ta sauke ni daga goyo ban sake zama a bayan kowa ba."

Sai ya tsura wa Tela ido, daga wuya har tumbi. Tela ya gane kallon nan take.

"A'a. Wallahi a'a!"

"Allah bai ba ka wannan tumbin a banza ba, Tulu. Kai za ka zauna a baya."

Tela fa mutum ne da ko keke ya hau, in ya ga gangara sai ya sauka ya tura. Ya yi ta faɗa, ya ce shi yana da iyali, ya ce wannan hauka ce tuburan. Yana cikin faɗan ya shiga gidansa, ya ɗauko matashin kujerar ɗinkinsa, ya zo ya ɗaure shi da ƙyallaye a bayan sirdi, don babur ɗin tsere ba shi da wurin zaman mutum na biyu.

Suka fara da kafiretocin, guda biyu. Tela ya buga kik, injin ya tashi yana tari. Guguwa ya sa bakin wani siririn tiyo a kunnensa, ya kai ɗaya bakin ga kafireta ta farko yana sauraren yadda take zuƙar iska, sannan ya koma ta biyu. Ya juya sukuru kaɗan, ya saurara, ya mayar da shi baya. Hayaƙi ya shaƙe shi, ya yi tari a tsumma, ya cusa tsumman a aljihu kafin Tela ya gani. Tela ya ga jinin sarai. A hankali muryoyin biyu suka daidaita, ƙarar ta zama ɗaya, sumul. Karon farko a rayuwarsa Tela bai ji haushinta ba.

Sun ɗaure sifirin sun hau su biyu ke nan suka tuna babu mai aunawa. A daidai lokacin Auta, 'yar Guguwa, ta turo ƙofa, ta dawo daga aikinta na asibiti cikin fararen kaya.

"Baba! Wannan wane irin ganganci ne? Kawu, har da kai? Kai da na ce ka sa masa ido?"

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ungo tef," in ji Guguwa. "Auna mana."

"Ba zan auna ba. In ka faɗi a titi fa?"

"In na faɗi, daga kan babur na faɗi. Ke kika yi magana da likita, Auta. Gaya mini, in na kwanta shiru kamar yaron kirki, me za a ƙara mini?"

Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa, sannan ta fizge tef ɗin. Tela ya nuna mata alamar, ta durƙusa da fararen kayanta a cikin baƙin mai.

"Yatsu uku."

"Ƙara ɗaure shi, Tulu."

Suka sauka, aka ɗaure, suka sake hawa. Tela ya san tana iya yi musu ƙarya, ta yi ta cewa bai yi ba har uban ya gaji. Ya riƙe numfashi.

"Biyu cif," ta ce.

Hular kwano ta yi wa Guguwa yawa, sai ta cire ɗankwalinta ta cusa a ciki, ta ɗaure masa igiyar da kanta. Ita ta buɗe ƙofa.

Ƙafafun Tela ne suka riƙe babur ɗin har suka fita, hannayensa kuma suka zagaye ƙirjin da duk ƙashi ne. Guguwa ya murɗa totur. Mutanen layi suka fito baki buɗe, mai shago ya ɗora hannu a ka. Tela salati yake yi da ƙarfi, ba kunya. Can ya hango ramin nan na gaban famfo, ya rufe ido yana jiran a cilla su.

"Ka ji?" Guguwa ya yi ihu.

"Ban ji komai ba!"

"To aikin ke nan, Tulu!"

Dariya yake yi, Tela yana jin ta a tafin hannunsa. Suka kai ƙarshen layi, suka juyo. A ƙofar gida Guguwa ya kashe injin da kansa, amma bai iya sauka ba, sai da Tela ya ɗauke shi cak ya kai shi ɗaki.

Guguwa bai sake fita ba. Ran nan da hantsi Tela yana ɗinki ya ji Auta ta kira shi ta kan katanga, "Kawu," a hankali. Ya ɗauke ƙafarsa daga kan keken, ya zauna ya yi kuka sosai kafin ya iya tashi.

Bayan an yi kwanaki, wani tsohon abokin tseren mamacin ya zo gaisuwa. Ya hau babur ɗin, ya danna, ya girgiza kai.

"Wa ya ɗaure sifirin nan haka? Ai ya yi tauri. Ba ni sufana in sassauta shi, a cire wannan matashin kuma."

"Sauka," in ji Tela.

"Gyara zan yi, Malam."

"Mai shi ya gama gyara. Sauka, na ce."

Mutumin ya dubi Auta. Ta miƙa hannu ta karɓi makullin, ta sa a aljihu.

Tela ya koma gidansa, ya jawo kujera, ya zauna a kan katakon haka nan ba matashi, ya zura zare a allura.