Man Totuwa

Maigida na cikin ɗaure bawul ɗin tankin da sifana 'yarsa ta kira a waya.

"Baba, don Allah ka sassauta shi. Tururin ne zai bi bututu ya huce ya zama mai. In ka tsare shi a ciki da matsi, sake dahuwa zai yi ya koma gawayi."

"To, injiniya, na ji," ya ce, ya kashe wayar ya ƙara murɗawa. Ji yarinya! Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a kamfanin matsar man gyaɗa, shi za a koya wa mai? Tun da yake bai taɓa ganin abin da ya ba da mai ba tare da an matse shi ba.

Tsohon tankin ƙarfe ne ya girka a bayan gida bayan ya yi ritaya, ya ɗura masa totuwar masara da buntun shinkafa, ya rantse sai ya fitar da man da zai tayar da janareta. Matarsa kuwa ta gaji da wanki mai warin hayaƙi. Ta ce yau in babu mai, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai kwashe tarkacen. Ga mutumin ma a ƙofar gida kan baronsa, yana hamma.

Wuta ta kama, tanki ya yi ta gurnani. Maigida ya tsuguna gaban bututu da kwalba, gumin haɓarsa ya fi bututun ɗiga. Abin da ya taru bai cika cokali ba, baƙi ƙirin, mai warin tsiya. Wallahi har tausayin kansa ya ji.

Da tankin ya huce suka buɗe. Gawayi ne maƙil.

"Sannu, mai matatar mai," in ji matar. Ta ɗauki ɗaya ta karya, ta ɗebi kaɗan ta zuba a kurfoti ta hura. Nan da nan ya yi jajir, ko ɗigon hayaƙi babu. Ta ƙura wa garwashin ido, sannan ta leƙa waje wurin mai baro.

"Malam, yi haƙuri, an fasa!"

Ta juyo kan mijin. "Gobe ka ƙara ɗaure shi tamau. Yayata ma za ta so buhu guda."

Ya buɗe baki zai ce shi fa mai yake nema. Ya dubi tankinsa da ya tsira, ya rufe bakin, ya ɗauki buhu ya tafi neman totuwa.