Ruwan Jego a Ƙofar Sauda

Zulfa ta ɗaga murfin tukunyar, tururi ya buge ta a fuska, ba ta ja da baya ba. Ruwan wankan jego ne, ya tafasa har ganyen da ke ciki ya yi baƙi. Ita ta hura wutar da guntayen katako, ita kuma za ta yi wa kanta wankan, kamar kullum. Da a ce gari lafiya yake, da tana Garoua gaban mahaifiyarta, ana yi mata wanka ana dama mata kunun kanwa. Amma tun kafin ta haihu Douala ta mutu. Shaguna a kulle, an tare hanyoyi, tayoyi na ci da wuta a mararraba. Mijinta Badamasi ya kai kaya arewa, hanya ta rufe da shi a can.

Daga ɗakin da ke fuskantar nata, muryar Sauda ke tashi tana dariya. Sauda maƙwabciyarta ce a wannan gidan haya na unguwar New Bell, kuma ita ta tarar da Zulfa ranar nan zaune bakin famfo tana kuka, jinjiri na tsala ihu a ɗaki. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta dai kai labari gidan suna, ta kai wajen masu niƙa, har ya isa unguwar Japoma, kunnen Inna Mairama, uwar Badamasi, cewa matar ɗanta iska ta taɓa ta, ba ta iya riƙon yaro.

Jiya Inna ta aiko cewa yau za ta zo ta ɗauki jikanta, ta riƙe shi har uwar ta dawo hayyacinta. Kuma jinjirin, Usaid, ɗan fari ne. A gaban manya ko sunansa Zulfa ba ta isa ta kama ba, balle ta buɗe baki ta ce nawa ne, ba na bayarwa. Kunya ta ɗaure mata harshe, Sauda kuwa nata a sake yake.

Ta fara kwasar ruwan da ƙwarya tana zubawa a bokiti. Ta daɗe tana ganin abin a idonta: yadda za ta ɗaga labulen ɗakin Sauda, yadda bakin nan mai yawo zai buɗe, wannan karon ba da gulma ba. Duk lokacin da barci ya ƙi zuwa, wannan hoton take juyawa, shi kaɗai ke sanyaya mata ƙirji. Ko abinci ba ta jin ɗanɗanonsa kamar yadda take jin ɗanɗanon wannan.

Ta ɗauki bokitin. Maimakon ta nufi banɗaki, sai ta ratsa tsakar gida. Takalman Sauda na nan a bakin ƙofa, an jera su tsaf.

"Maman Idirisu," ta kira Sauda da sunan ɗanta, muryarta a kwance. "Fito, ina da magana."

Sauda ta amsa daga ciki cewa tana zuwa, bari ta ɗaura ɗankwali. Zulfa ta sa hannu ɗaya a gindin bokitin, ta ɗaga shi daidai ƙugu. Ruwan ya yi tangaɗi, ya fallatso ta gefe.

Ƙarar ta fito ne daga bayanta, daf da kunnenta. Ta dire bokitin. Usaid na goye a bayanta, ƙafarsa na reto a gefen ƙugunta, kuma ruwan ya same shi a ɗan yatsa. Ita ta goya shi da safe. Ta hura wuta da shi, ta kwashi tafasasshen ruwa da shi, ta ratsa gida da shi, kuma ko sau ɗaya ba ta tuna yana nan ba.

Ta kwance shi, ta ruga famfo ta tara ƙafar a ruwan sanyi. Wurin ya yi ja, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Sauda ta fito tana salati, tana cewa a kawo man goge haƙori a shafa, ta miƙo hannu za ta karɓe shi.

"Kada ki taɓa shi," in ji Zulfa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne matar nan ta faɗi rabin gaskiya. Ba iska ba ce, amma wani abu ya same ta. Ta tsaya ta tambayi kanta kamar yadda take duba jikin yaron in ya yi zafi. Rabonta da barcin kirki ta manta. Tana kuka ba dalili. Yau kuma ta ɗauki ruwan da zai saɓule fatar mutum, da ɗanta a baya. In ta zauna jiran Inna, za a tafi da yaron, a bar ta da hayaƙin turare da bakin Sauda. Ba ta yafe ba, ba ta da niyyar yafewa, amma ba za ta ba matar nan wannan nasarar ba.

Ta goya shi, ta yafa mayafi, ta fita. Babu tasi ko ɗaya. Ta bi ta lunguna, tana tsallake kwata, tana kauce wa samarin da ke gadin shingen hanya. Ɗaya ya ga goyon, ya ba ta hanya, ya ce da Faransanci, "Passez, maman."

Ƙofar ƙaramin asibitin unguwa a saye take, rabi a buɗe. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta wanke yatsan ta shafa magani, ta ce ba abin damuwa ba ne. Sannan ta tambayi yadda aka yi.

Zulfa ta riga ta shirya amsa a hanya, cewa tsautsayi ne wajen wanka. Ta dubi yaron, ya kama nono ya yi shiru.

"Madam, ruwan ba na wanka ba ne. Wata mata na nufa da shi. Kuma har yanzu ina so in zuba mata."

Nas ɗin ta cire tabarau, ta dube ta. Ta leƙa waje ta ce wa masu jira su ƙara haƙuri, ta tura ƙofar, ta jawo kujera kusa.

"Za ku raba ni da yaron?" Zulfa ta tambaya.

"Riƙe abinki, ma fille, 'yata. Fara min daga ranar da kika haihu."