Maburgin Lorna

Kwalabe biyar ne a jere a kan teburin, ruwa iri ɗaya, baƙin gari iri ɗaya, wayar lantarki iri ɗaya. Ta tsakiya tana ta ɓulɓulo da kumfa kamar tukunyar da ta fara tafasa. Sauran huɗun kuwa shiru. Lorna Petrak ta tsaya a kansu da safar hannu.

Shekara huɗu ta kwashe a wannan ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da ke Ohio tana fama da baƙin garin nan na cikin kwalaben. Gawayi ne da aka sarrafa har kowace ƙwaya ta cika da ramuka ƙanana, waɗanda dubbansu ba su kai kaurin silin gashi ba. Abin da ta ce ta gano shi ne, garin yana raba ruwa ya fitar da iskar da ake ƙonawa a matsayin makamashi, ba tare da filatinam ba, ƙarfen nan mai ɗan karen tsada da kowa ke dogara da shi. A kan wannan magana digirinta na digirgir ya tsaya, kuma saura mako uku ta kare shi a gaban kwamiti.

Da kwalba ɗaya take aiki tun farko. Farfesa Halvorsen, mai kula da bincikenta, shi ne ya ce ta jera biyar don sakamakon ya ƙara nauyi. Ta sauya garin, kumfa bai bar kwalbar tsakiya ba. Ta sauya wayoyi, ta sauya ruwa, duk ɗaya. Sai da rana ta yi tsaka ta sa hantsaki ta ciro maburginta daga kwalbar tsakiya ta jefa shi a kwalbar ƙarshe. Kafin minti goma, kumfa ya bi shi can.

Maburgin ba wani abin kallo ba ne. Ɗan maganaɗisu ne mai farin rufi, tsawon gaɓar yatsa, wanda ake jefawa cikin kwalba ya yi ta juyawa yana motsa ruwa. Masu binciken nan, in ka ji su suna yi wa masu camfi dariya sai ka rantse ba su da nasu, alhali kowannensu yana da maburgin sa'a da ba ya ba wa kowa aro. Na Lorna tsoho ne, ya yi ruwan toka, duk jikinsa ƙarzuwa. Ta tsince shi a aljihun tebur ranar da ta fara aiki, kuma da shi ta yi gwajin farko da ya yi kyau. Tun daga ranar ba ta taɓa wani ba, sai da jera kwalabe biyar ya sa ta ɗauko sababbi huɗu.

Ta sami Wendell a ɗakin wanke kwalabe. Dattijo ne mai furfura, ya fi shekara talatin yana kula da kayan aikin sashen, kuma ba ɗalibin da ya tsira daga bakinsa.

"A'a, Dakta da kanta! Ko kin zo taya ni wanki ne?"

"Ban zama Dakta ba tukuna. Wendell, teburin da nake, wa ya riga ni zama a kai?"

"Wani dogo mai yawan atishawa, Desmond. Ya ƙona mini murhu biyu, Allah ya yafe masa."

"A kan me yake aiki?"

"Filatinam mana. Kullum kuka yake wai kayansa suna raguwa a kwalba, har ni ya so ya zarga." Ya kashe famfo ya dube ta da kyau. "Ke, lafiya? Kin yi fari fat."

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa maburgin. Wendell ya sa tabarau, ya juya shi, ya bi ƙarzuwar da farcensa. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya san abin da tsohon maburgi yake ɓoyewa a cikin tsagarsa, wanda sabulu ba ya fitarwa: ɓurɓushin ƙarfen da ya taɓa motsawa, irin filatinam ɗin da Desmond yake cigiya.

"Kai, 'yar nan," ya ce. 

Farfesa Halvorsen yana cin burodi da cuku a ofishinsa lokacin da ta shiga. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ajiye burodin ya daɗe yana kallon ƙanƙarar da ke zuba a bayan taga.

"An auna?"

"Ba a auna ba, Farfesa. Amma kumfan bin sa yake yi duk inda ya je."

"To, zato ne ke nan. Wa kika gaya wa?"

"Wendell kaɗai."

"Wendell ba ya cikin kwamiti." Ya share hannunsa da takarda. "Ki saurare ni, Lorna. Ban ce ki yi ƙarya ba. Sakamakon kwalba ɗaya yana nan a rubuce, kuma da gaske ya faru. Ki kare digirinki, in kin huta sai mu duba wannan a natse. Ban taɓa jin kwamitin da ya tambayi ɗalibi da wane maburgi ya motsa ruwa ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, tausayinta yake ji da gaske. Da ya daka mata tsawa, da ta san inda za ta sa kanta.

Ta fito ta zauna a kan matakala da maburgin a hannu. Shekararta talatin da huɗu. Ta bar aikin koyarwa a makarantar sakandare ta zo nan, kuma wani kamfani ya yi mata alkawarin aiki da zarar ta gama. In ta yi shiru, ranar sha tara ga Maris za a tafa mata, a yanka kek. Bayan haka wasu ɗalibai a wasu garuruwa za su ɗauki takardarta su bi ta layi-layi da sababbin maburgai, su yi shekara suna zargin hannayensu. Ta ji tsoro, ta ji kunya, kuma ta ji tana son digirin nan har cikin ƙashinta.

Hanya ɗaya ce ta tabbatarwa. A jiƙa maburgin a asid mai ƙarfi ya narkar da duk ƙarfen da ke maƙale a jikinsa, a aika ruwan wurin awo. Sakamakon yana shiga kundin sashen da sunan wanda ya nema, kuma ba a goge shi. Maburgin kuma daga ranar ba zai sake tayar da kumfa ba.

Ta cike takardar neman awon ta kai wa Wendell, ya karanta ta sau biyu.

"Farfesa ne ya sa ki?"

"A'a."

"Kin san in na jefa shi, shi ke nan? Ki je ki sha kofi, ki kwana a kai. Ni dai ban ga komai ba, idona ya tsufa."

"In na kwana a kai ba zan dawo ba. Jefa kawai."

Ya sa rigar kariya, ya ja gilashin akwatin da ke zuƙe hayaƙi mai guba, ya saki maburgin cikin asid. Suka tsaya suna kallo. A hankali ruwan tokar ya fara barin jikinsa. Da lokaci ya cika Wendell ya tsiyaye ruwan a ƙaramar kwalba, ya rubuta sunanta da kwanan wata a jiki, harafi bayan harafi, kamar mai jiran a ce ya dakata. Ba ta ce ba.

Ya ɗauraye maburgin, ya goge, ya miƙa mata a kan tsumma. Ya yi fari tas kamar yau aka sayo shi.

"Ki riƙe ko in zuba cikin sauran?"

Lorna ta dube shi, ta dubi kwanon da sababbin maburgai suke ciki, ɗaruruwa, duk kamarsu ɗaya.

"Zuba," ta ce.