Jajaye da Farare

Ɗakin Inna a saman bene yake, kuma tun da gwiwoyinta suka kumbura ta daina saukowa. Ko salla a kan kujera take yi.

Babban ɗanta, direban babbar mota, shi ya fara kawo mata magani, wasu jajayen ƙwayoyi da abokan aikinsa ke sha saboda ciwon baya. Suka kuwa karɓe ta. Kumburin ya saɓe, ta sauko da ƙafarta, har ta koma kan keken ɗinkinta tana tsokanar maƙwabta wai amarya ta dawo.

Auta, malamar firamare, ba ta san da jajayen ba. Ita da yayanta gaisuwa ce kawai ke haɗa su, tun da suka yi saɓani a kan gidan wanda Inna za ta koma. Da ta ji ciwon yana ɗan dawowa da yamma, sai ta sayo wasu farare a kemis. Mai kemis ya tambaya ko tsohuwar na shan wani abu, ta ce na hawan jini kaɗai.

Inna ta haɗa duka biyun tana sha. Ta san 'ya'yanta: in ta ajiye na ɗaya, zai ce ta fi son ɗayan. Ja da safe, fari da rana, sau da yawa a kan ruwan shayi kawai. Aka kwashe watanni a haka.

Cikinta ya fara zafi kamar an zuba barkono. Bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, fitsari ya ragu, takalmi ya daina shiga. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta wannan ba zancen da uwa ke yi da 'ya'ya ba ne. Maƙwabciyarta ce ta tsince ta wata safiya a ƙofar banɗaki, ta yi aman jini.

A asibiti likita ta ce a kawo duk abin da Inna take sha. Direba ya ciro nasa daga aljihu, Auta ta zaro nata daga jaka. Likita ta juya kwalayen.

"Sunan ne ya bambanta, amma dangi ɗaya ne. Suna kashe ciwo, suna rage kumburi, gaskiya ne. Sai dai ba a haɗa su, ba a kuma daɗewa a kansu, balle ga tsohuwa mai hawan jini. Sun yi mata gyambo a ciki, ƙodarta ma ta taɓu sosai."

A baranda Auta ta ce, "Yaya, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ke kin faɗa mini ne?"



An tsayar da jinin, amma ƙodar ba ta farfaɗo ba. Yanzu duk mako sai an kai Inna wankin ƙoda. Gwiwoyin sun dawo da ciwonsu, an hana ta ƙwayoyin, ruwan sha ma auna mata ake yi.

Ranar da aka fara sa mata na'urar wankin, ta dubi jininta yana zagayawa cikin roba, leɓenta duk ya bushe.

"Auta, ba ni ruwa."

Auta ta kalli ma'aikaciyar jinya, ita kuma ta nuna mata iyaka da yatsa. Ta tsiyaya kaɗan a murfin gora ta kai bakin uwarta. Inna ta shanye, ta riƙe murfin ta ƙi saki.