Ranar da Aka Hana Verna Tashi

Shekara goma sha tara ke nan ina bin sunayen jiragen yaƙi masu jefa bom, tun da na yi ritaya daga gidan waya. Mutanen garinmu a Nebraska suna ganin na ɗan taɓu, ni kuwa ko a jikina. Soja lambar jirgi kawai suke rubutawa a takarda. Sunan da samarin soja suka zana a hancin jirgi babu wanda ya adana, sai irina masu bin tsofaffi kafin su ƙare.

Ran wata Talata wata malamar makaranta, Verna Halvorsen, ta zo mini da hoto. Mutum goma ne tsugune gaban jirgi, a hancinsa an zana jaririya, an rubuta Little Verna, wato Ƙaramar Verna.

"Na tsakiyar nan babana ne, Orrin," ta ce. "Bai taɓa ganina ba, aka harbo su a Jamus a 1944. Mama ta ce a jirgin nan mai sunana ya faɗi. Abin da nake riƙe da shi ke nan, Mista Wendell, cewa ina tare da shi. Za mu kafa masa dutse a maƙabarta da sunan jirgin, ka tabbatar mini kawai."

Na ce ta ba ni sati biyu, ina ta cika baki.

Da takardun soja da na nema suka iso, na duba. Lambar jirgin da ya faɗi da Orrin daban take. Little Verna kuwa ta kai hari saba'in da ɗaya, ta dawo gida lafiya lau, aka narkar da ita a Arizona bayan yaƙi. Na tsani irin wannan gaskiyar, amma ban iya barin zare a rataye ba. Na tono bakaniken jirgin, Clyde Bascom, a wani gidan tsofaffi a Kansas.

"Kai ne mai farautar matattu?" in ji Clyde. "Zauna mana, kar ka tsaya mini a ka kamar likita."

Na miƙa masa hoton. Ya daɗe yana kallo, yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya kamar za su amsa.

"Ni na hana ta tashi ran da aka harbo su," ya ce. "Mai ne ke ɗiga a inji na uku, ɗigon da ba zai cika kofi ba. Orrin ya biyo ni yana magiya, wai Clyde, ka bar ni da 'yata. Na ce masa tafi can, matuƙi me ya sani a inji? Aka ba su sabon jirgi, ko fenti babu, balle suna. Suna tashi na buɗe injin. Noti ɗaya ne ya kwance, ɗan'uwa. Minti biyar na ɗaure shi."

Ya juya ga taga. Ya ce da la'asar ya zauna ƙarƙashin fiffikenta yana ƙirga jiragen da ke dawowa, har yau kuma in la'asar ta yi sai ya ji bakinsa na ƙirge, kullum saura ɗaya. Lokacin ma leɓɓansa motsi suke yi.

Duk hanyar gida ina shirya ƙarya. Wa zai kama ni? Amma da Verna ta zauna gabana, sai na zayyana mata komai, ina jin haushin kaina.

Da na gama, ta tambaye ni.

"Jirgin da ya faɗi da shi, mene ne sunansa?"

"Ba shi da suna."

"Ashe ni na zauna a ƙasa, na bar shi ya tafi shi kaɗai." Ta kifa hoton a kan cinyarta. "A bar dutsen da sunansa kawai."

Ta miƙe, ta kai ƙofa, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Me ka ce ya ce wa bakaniken?"

"Ka bar ni da 'yata."

"Da bakinsa ya ce 'yata?"

Na ce haka Clyde ya faɗa. Ta dafa ƙofar.

"Don Allah sake faɗa mini, a hankali."