Usur Biyu a Bakin Titi

Shekara arba'in da ɗaya Baba Direba ya yi yana tuƙa babbar mota. Sau uku ta kife da shi, sau uku ya fito da ƙafarsa yana kaɗe riga. A na ukun ne ya bar yatsu biyu na hannun hagu a ƙarƙashin ƙarfe, kuma har gobe in yana ba da labarin cewa yake ƙarfen ne ya fi jin jiki. Bai taɓa zama a aji ba. To, aji ya koya wa wani jin kukan birki tun motar ba ta ɓullo kwana ba? Shi kam yana ji.

Da aka sa jikarsa a makaranta, 'yar ɗansa da yake kira Jikalle, sai ya ga makarantar a bakin babban titi take, motoci na wucewa kamar ana korarsu. Ba wanda ya roƙe shi. Kullum da safe sai ya riƙo hannun Jikalle, ya shiga tsakiyar kwalta, ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku, motoci su tsaya cak. Yaran mutane su bi bayansa ɗuu. Shekara biyu cur, ko tuntuɓe yaro bai yi ba.

Ana nan sai makaranta ta kira taron iyaye. Shugabar makaranta ta ce suna son iyaye su sa hannu: mai gyaran kujeru, mai shuka itatuwa, mai tsallakar da yara titi. Aka zagaya da takarda, kowa ya rubuta sunansa a gaban aikin da zai iya. Da ta iso gaban Baba Direba sai ya kalle ta, ya kalli biron, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Baba, ba ka rubuta ba."

"Ni? Titin nan ya san ni. Sai na gaya wa takarda?"

Na kusa da shi kuwa surukinsa ne, kakan Jikalle na wajen uwa, tsohon akawu mai tabarau da biro uku a aljihu. Ya karkata kai ya yi rubutu mai lanƙwasa.

Ranar Litinin Baba Direba ya iso da Jikalle, ya tarar da mutum a wurinsa. Akawu ne, sanye da falmaran ruwan lemo mai ɗaukar ido, ga usur a wuya yana ƙyalli. Yara sun kewaye shi kamar mai raba alewa.

"Suruki, barka da asuba," in ji Akawu. "Ka huta. An ba mu aikin a rubuce."

"An ba ku? Kai da ko keke ba ka iya ba?"

"Ai ba tuƙi za a yi ba. Busa za a yi."

Ya kumbura kumatu ya busa. Motoci suka tsaya. Wannan bai dami Baba Direba ba, mota ko akuya ta gani tana tsayawa. Abin da ya soke shi shi ne Jikalle. Ta zare hannunta daga nasa, ta ruga ta kama na Akawu.

"Kaka mai usur! Ba ni in busa!"

Kaka mai usur. Shi kuma fa? Kaka mai me?

Ya koma benci wajen mai shayi, daura da ƙofar makaranta, ya zauna ya sa ido. Kwana huɗu yana zaune a nan yana ƙirga kurakuran Akawu da ƙarfi don kowa ya ji. Ga shi ya juya wa tifa baya. Ga shi yana goge tabarau yara na tsakiyar hanya. Ga shi ya busa tun babur bai rage gudu ba.

"Baba, shayinka ya huce," in ji mai shayi.

"Bar shi ya huce. Dubi yadda yake tsayuwa, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Na tsallake gadar da ta karye a bayana, wannan ko kwata bai taɓa tsallakewa ba sai an riƙe masa jaka."

A gida ma bai tsira ba. Jikalle ta naɗe takarda tana busawa a tsakar gida, ta jera takalma tana tsallakar da su. Ya kira ta ya ce ta zo ya ba ta labarin ranar da ya kwana a cikin mota ruwa ya kai masa wuya. Ta ce ta ji wannan sau da yawa.

A rana ta biyar ya shiga kasuwa ya zaɓi usur mafi girma a shagon, irin na alƙalin wasa. Ya gwada shi, har mai shagon ya toshe kunne.

Da Litinin ta zagayo ya miƙa Jikalle ga Akawu ba musu, ya tsallaka ɗaya ɓangaren, wajen ƙofar makaranta, ya tsaya yana murmushi. Yara sun taru a bayan Akawu, Jikalle a gaba. Akawu na ta waige-waige, bai busa ba tukuna. Baba Direba ya ga hanya ta ɗan yi sarari, ya zaro nasa daga aljihu ya busa, fiiit!

Yara ba su san usur na wane ba. Usur dai usur ne. Jikalle ta fara shiga titi, uku suka biyo ta. Akawu ya firgita ya busa nasa sau biyu, alamar a dawo. Ukun suka koma da gudu. Wani mai ƙaramar mota da ya fara taka birki ya ji busa ta biyu, ya ɗauka an sallame shi, ya saki. Jikalle ta tsaya a kan farin layin tsakiya ita kaɗai, jaka a baya, tana kallon kaka a nan, kaka a can, motoci na wucewa gaba da bayanta.

Baba Direba bai san lokacin da usur ya faɗi daga bakinsa ba. Ya faɗa titi da hannu a sama, yana ihu da muryar da ya saba yi a tasha. Tayoyi suka yi ƙara, wani mai babur ya zage shi, bai ko ji ba. Ya sure ta ya kai ta ƙofar makaranta. 

Jikalle ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Kaka, wa zan bi?"

A ofis Shugabar makaranta ba ta ba kakannin biyu kujera ba.

"Baba, shekara biyu muna gode maka a bayan ido. Me ya hana ka rubuta sunanka?"

"Malama, biron ne bai yi mini ba."

Ta dube shi, ta dubi hannunsa. Ta ce daga yau usur ɗaya ne a titin nan, ko kuma ta sallame su duka ta nemi wani. Baba Direba ya ajiye nasa a kan tebur, yana jin kamar ya bar yatsa na uku.

Akawu ya cire tabarau ya goge. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Suruki, in faɗa maka gaskiya? Ba na gane gudun mota. Sai ta zo kusa nake sanin ko za ta tsaya. Kwana shida ina busawa ina addu'a."

"Ai na gani. Duk wanda ke wajen mai shayi ya gani."

"To ka tsaya kusa da ni mana. Kai ka duba, ni in busa."

Baba Direba ya so ya ce a ba shi falmaran ɗin a kai. Ya tuna farin layi, ya haɗiye.

Haka suke har yanzu. Baba Direba na tsaye a bakin kwalta, kai a karkace yana sauraron birki. In ya ɗaga hannu mai yatsu uku, Akawu ya busa. Jikalle na tafiya a tsakiyarsu, hannu ɗaya a nan, ɗaya a can. Akawu da kansa ya rubuta sunan surukinsa a takardar makaranta, kuma Baba Direba ya sa an nuna masa wurin, ya auna da yatsa ya ga nasa ya fi tsawo.

Har yau falmaran ɗin na tsaya masa a rai, ba ya ko kallonsa. Amma in ka zauna wajen mai shayi zai gaya maka cewa shi ya ɗauki Akawu aiki.

"Mai busa mini usur ne. Ba ya ko numfashi sai na ɗaga hannu. Kuma ku lura da kyau, in an kai ƙofa hannun wa Jikalle take fara saki? Nasa."